Kwikwiyona na gurnani in an taɓa shi, Baba ya ce a ɗaure shi ya yi zafi

Assalamu alaikum. Ni saurayi ne a Tawa, muna da tumaki a bayan gida. Bara ɓarayi sun kwance mana raguna biyu da dare, shi ya sa da wani abokin Baba, makiyayi daga wajen Abalak, ya kawo mana kwikwiyo irin dogayen karnukan nan na Azawak, kowa ya yi murna. Satinsa 5 a lokacin, yanzu ya kai 9. Dogo muke ce masa. Damuwata ita ce ba ya yarda a taɓa shi. In na kama ƙafarsa ko kunnensa sai ya sandare, ya yi gurnani, ya kai cizo. Yayana yakan danne shi a ƙasa ya buge masa hanci, wai don ya san na gaba da shi, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Shekaranjiya ƙanwata mai shekara 6 ta ɗauke shi yana barci, ya cije ta a hannu har jini ya ɗan fito. Inna ta ce a fitar mata da shi, dama ba ta son najasa a gida. Baba kuma ya ce a ɗaure shi da sarƙa a lungu, kada kowa ya taɓa shi, a riƙa sa masa barkono a abinci don ya yi zafi, tunda don gadi aka kawo shi. Ni ke ba shi abinci, ni yake bi, kuma ba na so in saɓa wa iyayena. Mugu ne tun asali, ko akwai gyara?

Wani saurayi daga Tawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar Dogo, ƙanwarka tukuna. Cizon da ya fasa fata, daga karen da ba a yi wa rigakafi ba, ba a raina shi ko da kwikwiyo ne, domin ƙaramin kare ma yana iya ɗaukar ciwon haukan kare. In ba a wanke wurin sosai ba ranar da abin ya faru, a wanke yanzu da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a kai ta gidan likita yau, kada a ce sai gobe, a faɗi gaskiya cewa kare ne kuma ba shi da allura. Su za su yanke ko tana bukatar rigakafi. Ciwon nan ana tare shi da allura kafin ya bayyana, amma in alamunsa suka fito kusan ba a tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi da ciwon ke ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Shi kuma Dogo kada a kashe shi, kada a yar da shi cikin kwanakin nan. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a ma'aikatar kiwo, a sa masa ido kwana 10 zuwa 15 yadda likitan ya tsara. In ya ci gaba da ci da sha da wasa har kwanakin suka cika, hankalin kowa ya kwanta.

To, ga amsar tambayarka: abin da ka kwatanta ba mugunta ba ce, tsoro ne. An raba shi da uwarsa yana sati 5, alhali kwikwiyo na bukatar sati 8 tare da ita da ƴan'uwansa. A waɗannan satuttukan ne yake koyon ƙarfin bakinsa: in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, sai ya gane ya wuce gona da iri. Dogo bai samu wannan karatu ba. Ga shi kuma jinin Azawak ne, irin da aka sani da kame kai ga baƙo da saurin jin tsoron muguwar taɓawa, ya manne wa mutanensa ya yi nesa da saura. Sannan abin da hannun mutum ya koya masa a gidanku shi ne danniya da duka da sunkuta daga barci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dogo kuwa an riƙe shi, ba hanyar gudu, sai ya sa haƙori.

Abin da ya sa nake so ka tashi tsaye yanzu shi ne lokaci. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14 ne kwikwiyo ke karɓar sabon abu cikin sauƙi, ya ɗauke shi a matsayin abin da aka saba. Bayan nan ana gyara, amma aikin sati ɗaya sai ya koma na wata. Kana da kamar wata guda a hannunka.

Ka fara da tabbatar da cewa ba ciwo ke sa shi cizon ba. A nan yankinmu ƙarangiya na maƙalewa tsakanin yatsun kare, kaska kuma ta fi son cikin kunne da tsakanin yatsu, wato daidai wuraren da ka ce ba ya son a taɓa. In yana yawan kaɗa kai, ko kunnen na wari, ko yana ɗingishi, ka gaya wa likitan dabbobi a wannan zuwan. A nan ne kuma za ku tsara sauran: maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinsa, allurar da ke kare kwikwiyo daga zawon jini da sauran cututtukan ƙuruciya, wadda ake maimaitawa duk sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16, da ta haukan kare in ya cika wata 3. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, yana iya halaka shi.

Aikin kansa ba ya cin kuɗi. Ka dafa hanta ko tsokar kaza ba gishiri ba yaji, ka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar wake, guda 20 zuwa 30 sun isa zama ɗaya. Dafaffen ƙwai ma ya yi, ko ɗan ɓallin cuku. Ban da kilishi da ragowar miya, saboda albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare. Ka zaɓi lokacin da yake jin ƴar yunwa kuma ya huce daga guje-guje, da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, ba yara a kusa. Ka zauna a ƙasa ka ba shi gefenka, kada ka tsaya a kansa. Zama ɗaya minti 2 zuwa 3, sau 3 ko 4 a wuni. Minti 20 a jere gajiyar da shi kawai zai yi.

Ƙa'idar guda ce, kuma a nan mutane suka fi kuskure: taɓawa ce ke fara zuwa, nama ya biyo baya. Ka sa bayan hannunka a ƙirjinsa na sakan ɗaya, ka ɗauke, sai ɗayan hannun ya miƙa nama nan take. Ka ɗan dakata, ka sake. In ka fara nuna naman sannan ka taɓa shi yana cikin ci, ba abin da ya koya, wani ma sai ya soma zargin naman, ya ɗauka tarko ne. So ake ya gane cewa duk lokacin da hannu ya sauka a jikinsa, alheri na tafe. Za ka san ya gane ranar da ka taɓa shi ya waiwayo ya dubi hannun naman, jiki a sake, wutsiya na kaɗawa a hankali. Wannan waiwayen shi ne izininka na matsawa gaba, ba yawan kwanakin da kuka yi ba.

Kwana biyu ko ukun farko ka tsaya a ƙirji da kafaɗa da gefen wuya. Kada ka miƙo hannu ta saman kansa, nan ne duka ke zuwa masa. Daga nan ka bi gadon baya zuwa ƙugu. Ƙafa kuwa ba a fara ta da cafke dagi. Ka shafo daga kafaɗa zuwa gwiwa, nama. In ya saba, ka gangaro zuwa dagin ka taɓa kawai, nama. Sai ka ɗaga shi sakan ɗaya a kan tafin hannunka a buɗe, ba ka damƙe ba, yadda in ya so janyewa zai janye. In ya janye ka ƙyale shi, kada ku yi ja-in-ja, domin riƙon da ba a saki shi ne ya haifi cizon tun farko. Sannu a hankali ka kai sakan 3, sakan 5, har ka iya buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya kana dubawa. Ƙafafun huɗu kowace sai an yi mata nata karatun. Amfanin wannan za ka gan shi ranar da ƙaya ta soke shi a daji, ko a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40 kuma rairayi ke ƙona tafin kare.

Kunne haka: ka shafa gindinsa, nama, ka ɗaga fatar ka leƙa, nama. Kada ka cusa tsinke ko gashin kaza ciki. Kuma in wani ya kawo shawarar yanke masa kunne kamar yadda wasu mafarauta ke yi, ka ƙi cikin ladabi, ba ya ƙara ji ba ya ƙara zuciya, sai dai ya rushe duk abin da ka gina. Baki kuma da yatsa ɗaya za ka ɗaga leɓe na sakan ɗaya, ka saki, nama. Ka saba da launin dasashinsa: mai lafiya ja-ja ne mai haske, in ya yi fari fat to jini ya ragu, galibi tsutsa ko kaska ce, a koma wurin likita. Haƙoransa na nono 28 ne, za su fara zuba wajen wata 4, manya 42 su gama fitowa wajen wata 6 zuwa 7. A tsakanin nan bakin na masa ƙaiƙayi da zafi, sai ka sassauta taɓa shi, ka yawaita ba shi abin tauna.

Akwai darussa biyu da ake mantawa, kuma su ne ke hana cizo a ranar tsanani. Na farko riƙon wuya. Ka sa masa abin wuya mai laushi na fata ko zane, wanda yatsunka biyu ke shiga ƙarƙashinsa, ka riƙa dubawa duk sati saboda girma yake yi. Ka kama abin wuyan, nama, ka saki. Sau 10 a wuni ba su yi yawa ba. Ranar da ya nufi titi ko ya bi akuyar maƙwabta, da nan za a cafke shi, kuma karen da bai saba ba juyowa yake ya ciji hannun. Na biyu ɗauka da riƙo. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ƙarƙashin ƙugu, ka haɗa shi da jikinka, ka ɗaga kaɗan, ka ajiye, nama. Ba a ɗaga shi ta fatar wuya, ko ta ƙafafun gaba, ko ta wutsiya. Ka sa masa wata kalma da za ka riƙa faɗi kafin ka ɗauka, ko “taso” ce, don kada ɗaukar ta zo masa ba zato. In ya saba, ka riƙa tsunkuno fatar bayan wuyansa a hankali kamar yadda mai allura ke yi, ka biya shi da nama. Ranar rigakafi sai ta zo masa kamar wasan da ya sani.

Idonka kuwa ya kasance a kansa, domin kare ba ya fara da cizo. Zai lashi hanci, ya yi hamma ba barci, ya kau da kai, ya mai da kunnuwa baya, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya sandare har ka ga farin idonsa. In ya ƙi naman da yake so, tsoro ya kai maƙura. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka janye hannu, ka koma matakin da ya yarda da shi jiya, ku rufe zaman a kansa. In ya yi gurnani, don Allah kada ka doke shi. Gurnani gargaɗi ne, cewa yake yi “na ƙosa, a bar ni”. Karen da aka daka har ya daina gurnani bai daina jin tsoro ba, gargaɗin kawai ya bari, kuma irinsa ne ke cizon yaro a fuska ba sanarwa. Wannan ita ce maganar da za ka kai wa yayanka. Niyyarsa ta ladabtarwa ce, ba wanda ya ce a bar kare ya yi yadda ya ga dama, amma ka roƙe shi ya bar danniya da duka, ka ba shi naman ya gwada darasin ƙirji da hannunsa. Zai fi kowa bukatar haƙuri, tunda Dogo ya riga ya yi masa shaida.

Cizon wasa daban ne da na tsoro, za ka gane shi da jiki a sake da tsalle-tsalle. In haƙori ya taɓa fata, ka tsai da hannun cak, kada ka fizge, ka miƙa masa tsumman da ka ƙulla ya tauna. In ya nace, ka tashi ka bar shi sakan 30, ka dawo. Yawancin irin wannan cizon ma gajiya ce, domin kwikwiyo na barcin awa 18 ko fiye a yini da dare. Ka yi masa makwanci a inuwa, da ruwa mai tsabta kullum, kuma ya zama doka a gidan: mai barci ba a taɓa shi, mai ci ba a taɓa shi. Kwanonsa ma kada a riƙa janyewa don gwaji, hakan ke koya masa tsare abinci. Ka riƙa wucewa kana jefa masa ɗan nama a ciki, har ya zama in ya ga mutum ya nufo kwanon murna yake yi.

Ƙanwarka ba ta yi laifi ba, sha'awa ce ta yaro, kada a yi mata faɗa kuma kada a tilasta mata kusantarsa. Bayan kwanakin sa ido sun cika, in ta yarda, ta zauna kusa da kai ta riƙa jefa masa nama daga nesa. In ya zo da kansa, ta shafa ƙirjinsa ta ƙirga uku ta ɗauke hannu. Ya matso, ta ƙara, ya tafi, ta bar shi. Ba ɗauka, ba runguma, kuma ba a barin su su kaɗai ko na minti ɗaya.

Yanzu Baba. Yana da gaskiyarsa, raguna biyu ba ƙaramar asara ba ce, kuma bai karɓi kare don ado ba. Inda zan saɓa masa, tare da girmamawa, shi ne hanyar. Karen da ya tashi a sarƙa ba ya sanin na gida da baƙo, kowa abin tsoro ne a wurinsa, kuma waɗanda suka fi kusa da haƙoransa su ne yaran gidan da mai kai masa abinci. Ba ya allurtuwa, ba ya cirtuwar kaska, in ya tsinke sai a shiga rigima da maƙwabta. Barkono kuma ciki yake ƙonawa ya kawo zawo, ba ya sa zuciya. Gadi a jinin irin su Dogo yake, zai fito da kansa in ya girma, wajen shekara guda zuwa sama, kuma abin da ake so ga mai gadi shi ne ya san abin da aka saba, don ya yi haushi a kan wanda ba a saba ba. Baba ma yana iya tambayar abokinsa: a ruga karnukan nan cikin yara da bisashe suke tashi, a sake, kuma ba wanda ke ratsa zangon da dare ba su sanar ba. Ka sami Baba shi kaɗai bayan sallar isha, ba a gaban mutane ba, ka fara da cewa burinku ɗaya. Ka roƙi sati 4 kawai, ka ce in sun cika zai ga ka duba kunne da ƙafa da bakin karen a gabansa. Maimakon sarƙa ka ba da shawarar ɗan shinge kusa da turken tumaki.

Inna kuwa a ba ta haƙƙinta cikakke, ƴarta aka ciza kuma tsakar gida nata ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba a ɗauke shi najasa ba, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, kuma an yi rangwame a riƙe kare don kiwo da noma da farauta. Amma kada ka je mata da hujja kamar mai gardama, ku tambayi malamin da ta yarda da shi tare. Kai dai ka ɗauki alkawarin da za ta gani da ido: kwanonsa daban, ba ya shiga ɗaki ko madafa, ba ya kusantar randa da tabarmar salla, kashinsa kai ke kwashewa kullum, kuma kowa ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

In hannunka ya karɓu, sai a faɗaɗa. Mutum ɗaya sabo duk kwana biyu ko uku: mai rawani, mai hijabi, tsoho da sanda, kowa ya jefa nama ya bar Dogo ya zo da kansa. Ya ga tumaki da kaji yana cikin igiya don kada ya koyi kora, ya ji ƙarar babur da amalanke daga nesa. Kafin alluransa su cika kada ka sauke shi a titi ko bola inda karnukan gari ke yawo, ka riƙe shi a hannu a ƙofar gida ya yi kallo. Kuma kada ka karaya in wajen wata 6 zuwa shekara ya soma ƙin abin da ya riga ya yarda da shi, tashen balaga ne, sai ka koma matakan farko na ƴan kwanaki. Ba a so karen Azawak ya zama mai yi wa kowa fara'a, ba halinsa ba ne; ya jure taɓawar mutanen gida da ta likita, ya bar baƙon da aka yi wa iso ya wuce, ya wadatar.

In kuwa Baba ya tsaya kan sarƙa da barkono, ko ka ga ba ka da minti 10 ɗin nan kullum, to mafi alheri a mai da Dogo wurin makiyayin da ya kawo shi da zarar kwanakin sa ido sun cika, tun yana ƙarami zai iya sajewa da ƴan'uwansa. Zai yi maka zafi, na sani, tunda kai yake bi, amma ya fi a sake shi a bayan gari ko ya girma a lungu. Haka nan in bayan sati 3 ko 4 na aiki kullum bai sassauto ko kaɗan ba, ka koma wa likitan dabbobi a sake bincikar ciwo. In kuma a kowane lokaci ka ga halinsa ya juye farat ɗaya, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, muryarsa ta sauya ko yana cizon duk abin da ya tarar, ka rufe shi inda ba mai isa gare shi, kada kowa ya sa hannu, a kira ma'aikatan kiwo, kuma duk wanda ya taɓa ciza ko lasar masa rauni ya tafi gidan likita a ranar. Allah ya ba ƙanwarka lafiya, ka gaishe da Baba da Inna.